Ranar da Na Tsallake Zinariya

Ku da kuke ta aiko mani da tambaya, wai Malama Rabi me ya raba ki da Maharazu bayan har an sa rana, to yau zan faɗa maku, amma ku yi haƙuri in kun ga ina kwana-kwana. Shekara kusan hamsin ke nan, har yau wannan gaɓar ba ta yi mani sauƙin faɗa. Wata ma cewa ta yi ƙila wata budurwa ya gano a Kaduna. Ke 'yar nan, ina ma a ce wata ya gano! Da na yi kukana na kwana bakwai na share hawaye na ci gaba da sha'anina.

A shekarar 1977 ne, shekara ta biyu da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Aka turo ni gida Kusada ina 'yar shekara sha tara, da takardar koyarwa sabuwa fil. Hedimastanmu Malam Dawuda ya raka ni ƙofar aji ɗaya, ya miƙa mani alli da bulala, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Yara saba'in da uku na tarar a ɗaki guda, a kan tabarmi, wasu daga Kaikai suke takowa, wasu daga Dudunni. Wannan na kuka, wancan ya cije wancan, wata ta zo da ƙanwarta a goye. Na yi tsawa har muryata ta dushe. Na yi bulala har hannuna ya gaji, na dawo ina jin kunyar kaina. Sati uku cur babu wanda ya iya rubuta baƙi ɗaya.

Ni marainiya ce. Mahaifiyata mutuniyar wajen Maraɗi ce, ta rasu ina goye, Baba ya bi ta ina aji uku, Inno kakata ta wajen uba ita ta raine ni. Wata ranar Laraba na dawo na zube a tsakar gida ko gyale ban cire ba, na ce mata ni na bar aikin nan. Inno na tace gasara, ko kallona ba ta yi ba. Sai ta ce in ɗebo mata ruwa a sabon tulun da aka kawo daga rijiya. Na ɗebo, ta ce in sha. Na ce ai bai kwanta ba.

"To ke kin san ruwa sai ya kwanta ake sha," in ji ta, "amma ɗiyan mutane da sun kwaso gudu daga gida sai ki hau zuba masu karatu? Ina zai zauna?"

Inno dama haka take. In ta idar da sallar asuba ba ta tashi daga kan buzunta sai rana ta fito, ido a rufe, carbi a hannu, ko akuya ta shiga rumbu ba ta motsi. Tun ina ƙarama nake zama gefenta ina kwaikwayo, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Washegari na jingine bulala a bayan ƙofa. Na ce kowa ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannu a gwiwa, ya yi bisimilla, ya rufe ido. Mu ja numfashi a hankali mu saki, mu ƙirga a zuci har goma, sau uku. Na ce babu mai buɗe ido sai mun gama, ko da mai gari ne ya shigo. Ranar farko dariya suka yi ta yi, wani ma ya saki tusa aji ya watse. Ban fasa ba. Kullum ƙarfe takwas daidai, da an gama taron safe, sai mu zauna. In mun buɗe ido in tambaye su me suka ji. Wannan ya ce kurciya, wancan ya ce sussukar gero a bayan makaranta, wata ta ce cikinta ta ji yana kukan yunwa. Kafin wata biyu ajina ya zama abin kallo. Faɗa ya ragu, kuka ya ragu, abin da na koyar da safe sai in same shi a kansu bayan hutun ƙarfe tara. Na koya masu cewa in wani ya ba ka haushi, kafin ka ɗaga hannu ka yi goma ɗin nan. In kuma kuka ya zo maka kana zaune, ka bar shi ya zo, zai wuce.

Wadda abin ya fi yi wa amfani wata 'yar siririya ce mai suna Zinariya, 'yar shekara bakwai. In'ina gare ta mai tsanani, in ta buɗe baki sai ta maƙale a harafin farko, yara su fashe da dariya, ita kuma ta cusa kai cikin ɗankwali. Na lura in mun tashi daga zaman shirun nan harshenta kan saki. Sai na riƙa fara tambaya da ita. Ranar da ta karanta layi guda a allo ba ta tsaya ba, wallahi sai da na juya baya na goge idona da bakin gyale.

Shi kuwa Maharazu akawu ne a Kankia. Dogo, baƙi, mai wushirya, da 'yar Vespa ruwan toka da ya saya lokacin ƙarin albashin ma'aikata na Udoji. Ranar Juma'a da Lahadi yake zuwa zance, cikin farin kaftani da aka sha guga, ƙamshin turarensa na riga shi shigowa zaure. Sauran ranaku in aiki ya biyo da shi ta Kusada, sai ya rage gudu a gaban makaranta ya danna oda sau biyu, yara su hau murmushi suna satar kallona. Wasiƙa kuwa ba a magana, direban motar kasuwa da ke kai mana su har ya gaji da mu. Kowacce da hasken idona take farawa. Wata huɗu na yi ina ɗinka masa hula da zare shuɗi da ruwan ƙwai, na tsire yatsuna ba adadi, tun da na ba shi kuma ban ƙara ganin wata a kansa ba. Ya taɓa tsayawa a taga ya ga yarana saba'in da uku sun yi tsit, ya ce in Allah ya ba mu namu haka zan riƙa yi masu. Baffannina sun karɓi gaisuwa, an sa rana bayan babbar salla. Inno har ta fara tara kwanoni a ƙarƙashin gado.

Ashe shirun da nake murna da shi, a gari wata fassara ake yi masa. Mata a bakin rijiya suna cewa yaran da iyayensu suka kasa, ta yaya 'yar yarinya za ta sa su yi lakwas ba duka ba zagi? Kuma me ya sa sai sun rufe ido? Me take yi da ba ta so su gani? Wata ta tuno cewa ai uwata baƙuwa ce, ba wanda ya san asalinta, abin nan kuwa a nono ake sha. Ni duk ban sani ba. Na dai ga wata tsohuwa ta ja jikanta gefe da na zo wucewa, ta tofa yawu tana cewa kurwata kur, na ɗauka da wani take.

Da kaka ta kama, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara. Zinariya ta kwana uku ba ta zo ba. Ran na huɗu Malam Dawuda ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya yi ta juya hularsa a hannu kafin ya iya magana. Ya ce yarinyar jikinta ya yi tsanani, kuma cikin zafin ciwo sunana take kira. Wai tana ta cewa Malama, na rufe ido, Malama, ina ƙirgawa. Na ce Allah sarki, abin da na koya mata ne take yi don ta samu sauƙi. Ya dube ni da tausayi, ya ce Malama Rabi, ke 'yar garin nan ce, kin san abin da ake nufi in mara lafiya ya kama sunan mutum.

Sai a lokacin na gane. Ku 'yan yanzu ƙila ba ku san nauyin kalmar ba. In aka ce mutum maye ne, ya kama kurwar wani, to an gama da shi da zuriyarsa. Ba a cin abincin hannunsa, ba a ba shi aure, ba a aurar nasa. Maganin da aka sani kuma ɗaya ne, a kira shi ya tsallake mara lafiyan a gaban jama'a, wai ya saki kurwar. In ka tsallake ka amsa laifi da ƙafarka. In ka ƙi, aka rasa ran, kai ka cinye. Gaba kura baya sayaki.

Ashe labari ya riga ya isa Kankia. Da azahar sai ga Maharazu ba ranar zuwansa ba, ko kaftani bai canja ba, ƙurar hanya har girarsa. A zaure ya tsaya, ya ƙi zama. Ya ce shi bai yarda da wannan shirmen ba ko na minti ɗaya, zazzaɓin sauro ne kowa ya sani. Amma ya roƙe ni don girman Allah kada in taka gidan. Ya ce mahaifiyarsa Dada ta ji, ta kuma ce a jira a gani, kuma yana da ƙanne mata uku da ba su yi aure ba. Ya ce in ba shi zuwa jibi, zai nemo malamin asibiti ya kawo shi har gida.

"Rabi, in dai ba ki tsallake ba, magana ce, za ta wuce. In kika tsallake, ba ni da bakin da zan kare ki."

Na ce masa na ji. Kuma har ga Allah da niyyar ji na faɗa.

Bayan la'asar ina zaune ina tsince wake, sai ga Sa'a mahaifiyar Zinariya ta faɗo gidanmu ba sallama, ba mayafi, zaninta a karkace. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Durƙusawa ta yi ta kama ƙafafuna biyu, ta ce yarinyar ta fara sanƙarewa, ita kaɗai ta rage mata cikin biyar da ta haifa. Na ce a kai ta asibitin Kankia yanzu, ga motar kasuwa ba ta tashi ba. Ta ce uban ya rantse ba za a kai ta ba, wai allura ba ta haɗuwa da kamun maye, in aka yi mata mutuwa za ta yi. Sai an saki kurwar tukuna.

Na dubi Inno. Tsohuwar nan da ban taɓa ganin hawayenta ba, har da ranar da aka fita da Baba, sai ga shi yana bin kumatunta. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Ta ce in yi abin da nake sa ɗiyan mutane.

Na rufe ido a nan tsakar gida, Sa'a na riƙe da ƙafata. Numfashi na farko zuwa na uku ba abin da nake ji sai haushi, ni da na bar barcina saboda 'ya'yansu. Na huɗu na ga Maharazu da hularsa. Na ga kwanonin Inno a ƙarƙashin gado. Ban ɓoye wa kaina komai ba, na san sarai abin da zan ajiye in na fita ƙofar nan. Wajen na takwas sai ƙirjina ya lafa, abu ɗaya ya rage a gabana, jibi ta yi wa Zinariya nisa. Mutane suna cewa wai ruɗewa na yi, yarinta ce. Ban ruɗe ba. Ban taɓa yin abu da hankalina a kwance kamar wannan ba, shi ya sa ma ya fi ciwo.

Na ɗauki gyalena ruwan goro na bi ta.

Gidan cike yake, mata a tsakar gida, maza a ƙofa, har da masu leƙe ta kan danga. Da na shiga aka dare kamar an ga maciji. An shimfiɗe ta a tabarma a gindin bishiyar dalbejiya, idanun sun kafe, leɓɓan sun bushe, an shafe ta da wani baƙin magani mai wari. Na nemi uban, na ce a gaban kowa ya rantse, in na yi abin da suke so, yanzu-yanzu za a sa ta a mota a kai ta Kankia. Ya rantse har sau uku.

Na durƙusa na kama hannunta, zafi kamar garwashi. Na ce Zinariya, Malama ce. Leɓenta ya motsa, na kai kunne. Ƙirga take yi, ta kai shida ta maƙale, ta koma ɗaya. Na ƙarasa mata a kunne har goma.

Sannan na miƙe na tattare zanina na tsallake ta. Na dawo na sake. Na sake na uku. Wata mata ta rangaɗa salati, wata ta ce kun gani ko, dama ruwa ba ya tsami banza. Ban waiwaya ba sai da na ga an ɗauke ta an nufi tasha.

Kwana shida ta yi a asibiti, aka yi mata allurai, aka ƙara mata ruwa, ta tashi. Kun ji inda ƙaddara ta yi mani dariya. Da ta mutu, da an ce na cinye ta. Da ta rayu, sai aka ce ga shaida nan, tana tsallakewa yarinya ta warke. Babu wanda ya tuna da allura. Na yi sujada na gode wa Allah da ya tashe ta, na kuma san a cikin sujadar nan cewa tashinta ne ya rufe ni.

Juma'a ta zo, Maharazu bai zo ba. Na yi kwalliya duk da haka, atamfata mai ganyen shuɗi, na sa kwalli, na zauna a bakin gado ina jin kowace ƙara a titi har aka kira magariba. Lahadi ma haka. Direban motar kasuwa da ya hango ni sai ya kau da kai. Ran Talata wasu tsofaffi biyu suka zo daga wajen Dada, suka ƙi shan ruwan da na kawo masu, suka ce wa Inno a ɗan dakata da maganar rana sai an ga abin da hali ya yi. Inno ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Da suka fita ta jawo kwanonin nan ta mayar da su can ƙuryar ɗaki ta rufe da tsohon zani. Ni dai ban yarda ba. Ina ce wa kaina ai tsofaffi ne suka zo, ba shi ba. Mutumin da ya tsaya a taga ya ce haka zan yi wa namu, zai zo ya dube ni ko da sau ɗaya ne, ya faɗa da bakinsa.

Aji kuwa ya zama kufai. Daga saba'in da uku suka koma goma sha ɗaya, yawanci 'ya'yan ma'aikata da na limamin unguwarmu, wanda ya ce shi bai ga inda zama shiru da bisimilla ya zama laifi ba. Malam Dawuda ya ba ni shawara in bar rufe idon nan ko ƙura ta lafa. Na ce Malam, abin da ya ci mani aure, in kuma bar shi? To me na saya ke nan?

Ran Litinin ta sama, muna shirin zama, sai ga Zinariya a bakin ƙofa, ta rame kamar sillen kara, ɗankwali ya yi mata yawa. Uwarta ce ta rako ta har bakin danga, ta juya ba ta bari mun haɗa ido ba. Yarinyar ta wuce wurinta ta tanƙwashe ƙafa ta ɗora hannu a gwiwa tana jirana. Ƙarfe takwas ta yi. Muka yi bisimilla muka rufe ido.

Muna cikin goma ta biyu na ji ta. Ko cikin Vespa ɗari zan gane kukan tasa. Ta taho daga hanyar Kankia, ta rage gudu. Na jira oda biyun nan, ba a danna ba. Sai injin ya mutu. Na ji takun takalmi a kan tsakuwa, a hankali, yana matsowa wajen taga. Ƙamshin turaren ya shigo ajin. Duk jikina cewa yake buɗe ido, Rabi, buɗe ki gan shi. Amma ni na kafa dokar, ko mai gari ne ya shigo, ga kuma yara goma sha biyu da iyayensu suka yi ƙarfin halin bar mani. Na ce a raina zai jira. Ya san ba mu daɗewa, saura goma ɗaya.

Hawaye ya ɓalle mani. Sai na ji 'yar murya a kusa da gwiwata, ƙasa-ƙasa, ba in'ina ko ɗaya.

"Malama, ki bar shi ya zo. Zai wuce."

Na bar shi ya zo. Ina ta bakwai na ji takun ya juya. Ina ta tara aka tayar da injin.

Da muka buɗe ido babu kowa a taga. Hular ce kawai a kan dakalin tagar, shuɗi da ruwan ƙwai, an wanke ta an ninke, an ɗora ɗan dutse a kai kada iska ta ɗauke. Ba wasiƙa, ba ko layi ɗaya.

Na daɗe ina cewa rashin sa'a ne, da ya zo minti biyar baya da mun haɗu. Sai daga baya na daina yi wa kaina ƙarya. Duk faɗin Kankia da Kusada babu wanda ya kai Maharazu sanin abin da nake yi ƙarfe takwas na safe. Ya zaɓi lokacin da ya tabbata idona a rufe yake.

Na ɗauki hular na sa a aljihun tebur, na ɗauki alli. Na tambayi yara me suka ji yau. Duk suka sunkuyar da kai, babu wanda ya ce ya ji babur.